Gwangwanin da Aka Tono a Kufan Zangaya

Ranar Laraba da hantsi, kwana biyu bayan ruwan farko na shekarar 1996, matan Zangaya suka je share gindin kuka a kufan garinsu, suka tarar ɗan dutsen niƙa ba ya nan.

Uwar dutsen tana nan inda kakanni suka bar ta, faffaɗa, cikinta ya lotsa saboda shekaru. Ɗan da ake murzawa a kanta ne ya ɓace. A Zangaya kuwa, wani ƙauye da ke gefen hanyar Nangere, ba a jefa iri a ƙasa sai tsohuwar da ta gaji abin ta niƙa tafin gero ɗaya a kan wannan dutse, kwana uku bayan ruwan farko. Gobe Alhamis ke nan.

Maza suka zo da fartanya suka hau tonon gefen kukar, ko ɓarawon ya binne shi kafin ya dawo. Ba su sami dutse ba. Abin da suka tono shi ne gwangwanin biskit a naɗe cikin leda. Da aka buɗe, ga wuri irin kuɗin da, ga allura, ga maɓalli, ga kwabo mai huda, ga kuma ɗan littafi cike da sunayen mutane. Duk wanda ya leƙa sai ya ja da baya. Kowa ya san me ake nufi idan an haɗa suna da allura an binne.

A bangon littafin akwai sunan mai shi: Malama Munawwara, mai koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata a Potiskum. Kafin rana ta take, an je an zo da ita.

Bulama, mai garin Zangaya, ya aika yaronsa Dogo Tebo ya kira Bakari. Shi Bakari makiyayi ne da ya ajiye sanda ya zauna a gari, amma idonsa bai ajiye aiki ba. In saniya ta ɓace a kara, wato kasuwar shanu, shi ake nema, ya bi sawunta ko da ta tsallaka kwalta sau uku. Ya iso a kan tsohon mashin ɗinsa, ya tarar zauren Bulama ya cika har waje.

"Ba wani dogon aiki ba ne, Bakari," in ji Bulama. Ya ɗaga wata takarda a ninke. "Na sa an rubuta wa 'yan sanda da shugabar makarantarsu. Da an idar da la'asar za ta tafi. So nake ka nuna mini ta inda aka fita da dutsen, shi ke nan."

"Allah ya taimake ka, in ji ta bakinta tukuna?"

Malama tana zaune a gefe a kan tabarma, mayafinta ya jiƙe da gumi. Ta san in takardar nan ta isa makaranta, ko da daga baya an wanke ta, babu uban da zai yarda ta sake tsayawa gaban 'yarsa. Amma da Bakari ya tambaye ta mene ne gwangwanin, sai muryarta ta canja, kamar ta shiga aji.

"Wasa ne, Baba. Guda bakwai na ɓoye, kowanne a wurin da ke da tarihi. Na buga takardar kwatance ina ba ɗalibai da matafiya. Ka bi kwatancen, ka nemo gwangwanin, ka rubuta sunanka da rana, ka ɗauki abu ɗaya ka ajiye wani, ka mayar yadda ka same shi. Mutum zai wuce kufai sau ɗari bai waiwaya ba. Amma ka ce masa akwai abin da aka ɓoye, sai ya sauka daga mota."

"Allurar fa?"

"Wani tela ne ya bari. Ya ɗauki fensir."

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ka ji ƙarya da tsari."

Ba ta ko kalle shi ba. "In mutum zai je ɗaya kaɗai, cewa nake ya je na tsofaffin rijiyoyin marina, don har yau in ka kankare bakinsu za ka ga shuɗin baba. In yana da ƙafa, ya je na zangon fatake, inda igiyar guga ta ci gungumen rijiya har ɗan yatsa yana shiga. Amma na Zangaya na fi so. Saboda dutsen nan na kawo shi nan. Ta yaya zan sace abin da nake aiko mutane su gani?"

"To ai kin faɗa da bakinki," in ji Bulama. "Ke kika nuna wa ɓarayi hanya."

Bakari ya ce a karanta masa suna na ƙarshe a littafin. Siddiq direba, jiya Talata. Nan take wani manomi ya miƙe ya rantse cewa jiya da idonsa ya ga tirela a bakin hanya, direban yana cusa dutse a ƙarƙashin kujera. Zaure ya ɗauki hayaniya. Bakari ya sa takalmansa ya fita.

Gindin kukar ya zama kamar an ci kasuwa. Sawu a kan sawu, ga ramukan fartanya. Bakari bai tsaya nan ba. Ya ja baya taku hamsin ya fara zagaye, hannuwansa a baya, yana tafiya kamar mai neman allurar da ta faɗi. Jama'a suka biyo shi. Ya juyo ya ce duk wanda ya ƙara taku ɗaya shi ne ɓarawon. Suka tsaya cik.

Ta gabas ya sami sawun takalmin taya, babba, ya shigo daga titi ya koma titi. Ta arewa ya sami silifa, sawun mace mai sauri, ya zo har gindin kukar ya juya.

Ta yamma, inda rassan kukar suka sauko har mutum sai ya sunkuya, nan ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe. Daga bayan uwar dutsen wani ɗan kwari ya fito a ƙasa mai laima, kamar an tura ƙwarya da ƙafa. Taku huɗu, kwarin ya koma shafaffen layi mai faɗin zane. A gefen layin akwai ƙananan sawu, kusa da juna, da ramin sanda. Ya bi su har inda ƙasa ta zama fako, suka ɓace.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, idanunsa suna ƙyalli.

"Ka ga wani abu?" Bulama ya tambaya daga nesa.

"Na ga abubuwa uku. Bari in je kara in rage ɗaya."

Ranar kasuwar shanu ce, ko'ina ƙaho da ihun dillalai. Ya sami Siddiq a kan tirelarsa yana faɗa da masu lodi. Da ya ji maganar gwangwani sai ya diro, fuskarsa ta washe.

"Kai ma ka shiga, Baba Bakari? Nawa ka samo? Ni biyar. Matata ta ce na zama yaro. Wallahi ka je na zangon fatake, amma kada ka nema a ƙasa, ni awa biyu na ɓata. Ka ɗaga kai. Ba zan ƙara maka ko kalma ba."

"An ce ka ɗauki dutse a Zangaya."

"Na ɗauka mana."

Ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya fito da shi da hannu ɗaya. Baƙin dutse ne mai kaifin gefe, duk man inji.

"Birkin motar nan ba ya riƙo in na tsaya a gangare. Da shi nake tare taya. Shekara uku muna tare, ya fi kwandastana amana."

Bakari ya shafa dutsen. Babu gefen da ya taɓa ganin gero.

"Da ka je, ɗan dutsen niƙan yana nan?"

"Yana nan. Har na shafa shi, santsi kamar kan jariri. Da azahar ke nan. Me ya faru?"

Da ya ji abin da ake shirin yi wa Malama, dariyar ta ɗauke. Ya ce lodi ya jira, zai zo da kansa.

"Ka taho da abokin naka," in ji Bakari, yana nuna dutsen.

Mai silifa ba ta yi wuyar samu ba. Fanne ce, wadda ke bin Ya Kaka mai niƙan a shekaru, daga ɗaya unguwar. Mutane sun riga sun fara raɗa cewa in niƙan ya bar gidan da yake, gidanta zai faɗo. Bakari ya same ta tana tsinke ganye a tsakar gida.

"Sun turo ka ke nan," ta ce. "Na je, ba na musu. Jiya da la'asar. Sabon ganyen kuka na je ɗiba, ga shi nan kana gani. Ko shi ma na kakanni ne?"

"Dutsen yana nan a lokacin?"

"Ni kaina a sama yake. Amma da ba ya nan da na lura, don a kansa na taka na kamo reshe. Kada ka faɗa wa Ya Kaka, sai ta cinye ni ɗanya."

"Kin gan ta jiyan?"

Fanne ta tsaya da tsinkar. "Ka san kuwa na kwana biyu ban gan ta ba. Ko suna ba ta zuwa. Da, in ana rabon tuwo a gidan biki, ita ce a bakin tukunya, ba mai taɓa mara sai ita. Yanzu sai ta aiko a ce tana gaisuwa. Na ce ko girman ne ya ƙaru."

Bakari ya yi godiya. Da ya fito sai ya manta mashin ɗinsa a ƙofar Fanne, ya tafi da ƙafa.

Ya Kaka ita ce mai niƙan, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi. Babarbariya ce, shi kuwa Bafulatani, don haka tun daga zaure ya fara wasan da ke tsakanin kabilunsu.

"Ina baiwar nan tawa? Ubangidanki ya zo, ba ko shimfiɗa?"

"Shigo, mai warin nono," ta amsa daga ciki. "Wa ya bar garke ya ba ka izinin shiga gari?"

Ta amsa daidai, amma muryar ba ta da ƙarfin da ya sani. Tana zaune a bakin ɗakinta, ta lulluɓe kafaɗunta da zane duk da zafin. Ta tura masa kwanon ruwa a ƙasa, da hannun hagu.

"Ka yi haƙuri, ɗayan da dauɗa."

Ya sha. Idonsa yana kan daɓen ƙofar ɗakin. An yi daɓen bara, kuma kafin ya bushe mai ɗakin ta taka shi, sawunta ya daskare a ciki: ƙananan ƙafafu biyu, da ramin sanda ta dama. Taku ɗaya daga nan, a ƙasar da ruwan shekaranjiya ya jiƙa, ga ƙafafun nan dai, ga ramin sandar. Ta hagu.

Ya ajiye kwanon a hankali.

"Ya Kaka, yarinyar nan ta makaranta, da la'asar takardarta za ta tafi."

"Na ji."

"In ta tafi, aikinta ya tafi."

Tsohuwar ta kalli katanga. Ya jira. Kaza ta zo ta leƙa kwanon ta wuce. Ya ƙara jira, har inuwar ɗakin ta matsa.

"To," ya ce, ya miƙe. "Bulama zai tara mutane a gindin kuka. Kowa zai je. Ke ma mai dutse, ai ba za a yi babu ke ba."

Aka idar da la'asar, gari ya kwarara zuwa kufai. Bulama ya zauna a kan saiwar kuka, takardar a hannunsa, gwangwanin a gabansa, ba wanda ya yarda ya matso kusa da shi. Malama tana tsaye ita kaɗai. Siddiq ya iso da dutsensa a kafaɗa. Fanne ta zo tana harare-harare. Ya Kaka ce ta ƙarshe, aka ba ta wuri kusa da uwar dutsen.

Bakari ya karɓi dutsen Siddiq ya ajiye a tsakiya.

"Wannan ne aka gani a mota. Nauyinsu zai zo ɗaya da wanda ya ɓace. Siddiq, ɗauka."

Siddiq ya ɗaga shi da hannu ɗaya, har da juyi. Aka yi 'yar dariya.

"Fanne."

"Ni kuma? To." Ta sa hannu biyu ta ɗauka ta ɗora a ka. "In kai wa wa?"

"Malama."

Malama ta ɗaga shi zuwa ƙirji ta ajiye.

"Kun gani," in ji Bakari, muryarsa ta fara tashi. "Namiji, tsohuwa, 'yar boko, kowa ɗauka ya yi. Mai hannu biyu ba ya wahalar da kansa. Amma ku zo ku ga wannan, a hankali, ta bayana." Ya kai Bulama da dattawa ƙarƙashin rassan yamma. "Wanda ya fitar da dutsen bai ɗaga shi ba. Da ƙafa ya ture shi daga kan uwar, ga inda ya faɗo. Ya mirgina shi taku huɗu, ga kwarin. Ya shimfiɗa zane ya tura shi ciki, ya ɗaura bakin zanen a ƙugu ya ja. Ga layin. Sau shida ya tsaya hutawa kafin fako. Ɓarawon da ya zo daga nesa ba ya hutawa sau shida. Kuma bai san da gwangwani ba, don ta kansa ya bi ya wuce."

"Wane ne?" in ji Bulama.

"Mai sanda ne. Yana riƙe ta da hagu. Bara da dama yake riƙewa."

Bakari bai kalli kowa ba, ƙasa yake kallo. Mutane suka fara duban hannuwan juna. Bulama ya buɗe baki zai sake tambaya.

"Ya isa, ɗan Fulani."

Ya Kaka ce. Ta sa hannun hagu ta janye zanen daga kafaɗarta. Hannun dama yana kwance a cinyarta, yatsun a lanƙwashe, ba motsi.

"Kwana arba'in ke nan. Na tashi da safe na ga ba nawa ba ne. Niƙa kuwa hannu biyu yake so." Ta dubi uwar dutsen. "Na ce in babu dutse bana, za ku gaji ku yi shuka haka nan. Kafin baɗi wataƙila ya warke, ba wanda ya sani. Daga kakata zuwa yau ba a taɓa cewa gidanmu ya kasa ba. Yana cikin tsohon suri, bayan fako. Na rufe da ƙaya."

Mutum uku suka ruga. Kafin a gama salati sun dawo da shi a sama, mata suka saki guɗa, har Siddiq yana tafi.

Malama ba ta yi murna ba tukuna. Ta zo ta tsaya gaban tsohuwar.

"Tun safe ake ce mini mai binne asiri, Ya Kaka. Kina ji."

"Ina ji. Sau biyu na ɗauki sanda zan fito, na koma na zauna. Ba ni da abin da zan ce miki, 'yar nan, sai ki yafe in kin iya."

Malama ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta durƙusa ta mayar mata da zanen kafaɗa. "Gobe da safe a kai ki asibiti. Kwana arba'in ya yi yawa."

"Bayan niƙa," in ji Fanne, ta juya ga Ya Kaka. "Kuma ke, da kin aiko mini. Kina zaton ina kwaɗayin abin? Ni da bayana ba ya sunkuyo. Ki kawo hagunki in kawo damata, in garin geron ya fito da tsaki a ce laifinki ne."

Bulama ya yayyaga takardar gida huɗu ya cusa a aljihu. Ya daɗe yana gyaran murya.

"Malama, a nan aka ɓata miki suna, a nan za a gyara. Ɗauko littafin nan naki." Ta ɗauko. "Rubuta. Yau Laraba, an ga dutsen Zangaya. Ba Malama Munawwara ta ɗauka ba, ba kuma baƙinta ba. Abin da ke cikin gwangwanin nan ba asiri ba ne. Ni Bulama na faɗa, gaban jama'a." Ya karɓi biron ya sa hannu da ajami. "Duk wanda ya tono ya karanta. Saura me?"

"Sai ka ɗauki abu ɗaya ka ajiye wani, Allah ya taimake ka," in ji Siddiq. "Haka dokar take."

Bulama ya leƙa gwangwanin kamar mai leƙa ramin maciji. Ya tsallake allurar, ya ɗauki maɓallin. Ya laluba aljihu, ya jefa tsinken sakace na azurfa. Malama ta rufe, ta naɗe da ledar, ta karɓi fartanya daga hannun mutumin da ya tono shi da safe.

"To, kowa ya juya baya," ta ce. "Ba a ganin inda ake ɓoyewa."

Aka dubi Bulama. Bulama ya tattara rigarsa, ya juya ya fuskanci titi. Dattawa suka juya, mata suka juya suna ƙunshe dariya, Fanne ta kama Ya Kaka ta juyar da ita. Garin Zangaya kaf ya ba kukarsa baya, ba abin da ake ji sai takun Malama a ƙasa mai laima, tana zagayawa, tana komawa, tana sake zagayawa don ta ɓad da sawu.

Bakari ma ya juya. Har ya rufe ido, don ya ba ta haƙƙinta.